Sa Hannun Uwa Bai Isa Ba

Kwana biyu da tafiyarsu sai ga su sun dawo. Ina tsakar gida ina shanya wanki na ji sallamar Baba daga zaure, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar ta wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Inna ce ta fara shigowa, da ƙullin kayanta a ka yadda ta fita da shi, ko kwance shi ba a yi ba. Ɗiyata na biye da ita, rungume da jakar da na zuba mata sababbin tufafinta. Na ɗauka Kaka, mahaifiyar Inna, ce ta cika tun suna hanya. Inna ta sauke kaya, ta nemi ruwa ta sha, sannan ta ce mini babu wanda ya mutu, daga bakin iyaka aka maido su.

Inna ba 'yar Damargu, yankinmu na nan Nijar, ba ce. Daga wani ƙauye na ƙasar Daura Baba ya auro ta, zamanin da yake kora shanu da ƙafa zuwa kasuwannin Najeriya. Mahaifiyarta, wadda muke kira Kaka, tana can har lokacin, ta tsufa tukuf, idanunta sun daina gani. Da na haifi ɗiyata ta fari sunan Kaka aka raɗa mata, shi ya sa Inna ba ta taɓa kiran yarinyar da sunanta ba, sai dai ta ce “uwata”. Baba kuwa “amaryata” yake ce mata, kullum suna cikin rigimar wai ba ta iya dama fura ba.

A farkon daminar da yarinyar ta cika shekara bakwai ne aka turo mana saƙon murya daga can. Kaka ce da kanta, an kanga mata salula a baki. Ta gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa, sannan ta ce tana so a kawo mata takwararta ta shafa kanta tun tana da sauran numfashi. Inna ta sa aka maimaita mata saƙon ya fi sau goma. Ni ba ni da halin zuwa. Malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, an sa mu wani horo na malamai a tsakiyar hutu, kuma ma'aikaci ba ya tsallaka iyaka sai da izinin manyansa. Maigidana kuma ya bi garken gidansu zuwa arewa, wajejen Tenhya, kamar yadda yake yi duk damina. Sai aka yanke Inna da Baba su tafi da ita, su yi wata guda, su dawo kafin gero ya isa yanka. Na saka takardar haihuwarta a jaka, na ga kamar na gama komai.

Inna ta ba ni labarin abin da ya faru tana yi tana tsayawa. Sun wuce Damagaram lafiya, sai a shingen ƙarshe wani jami'i ya leƙa motar ya tambayi yarinyar wa ce. Ta ce jikarta ce. Ya nemi takarda, ta miƙa ta haihuwa. Ya duba, ya ce wannan ta nuna an haife ta, amma ba ta nuna iyayenta sun yarda a fita da ita ba, sai an kawo takardar izini mai hatimi. Bai ɗaga murya ba, in ji Baba, har ma ya yi musu bayani cewa akwai masu tsallakawa da 'ya'yan mutane ba da sanin iyayensu ba, shi ya sa aka tsaurara. To wannan bayanin ne ya fi yi wa Inna ciwo. Direba ya jira su kaɗan, fasinjoji suka fara gunaguni, ya sauke musu kaya a gefen titi ya yi gaba.

“Da furfurata,” in ji Inna, “a ce sai na kawo shaidar ban sato uwata ba. Iyakar nan ina goye da ke na tsallaka ta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba.”

Na ba ta haƙuri, na ce abu ne mai sauƙi, ta bar mini. Har da ɗan fankama na faɗa, don ina ganin ni ce mai ilimin gidan. Da yammacin ranar na zauna na tsara takarda da Faransanci mai kyau, irin wadda ko sufeto ya gani ba zai sami abin gyarawa ba. Na rubuta sunana, da lambar katina, da sunan yarinya, da inda za a kai ta. Na sa hannu. Garinmu ƙarami ne, babu inda ake buga irin wannan hatimi, sai an je babban gari, kuma mota ba ta zuwa kullum. Na jira ranar kasuwa na bi motar 'yan awaki.

A ofishin na tarar da layi. Na zauna a benci tun hantsi har rana ta take, sannan aka kira ni. Ma'aikacin dattijo ne mai tabarau, ya karanta takardata har ƙarshe, ya yaba rubutun, ya tambaye ni ko ni malama ce. Sai ya turo mini ita ta kan tebur ya ce ina sa hannun uban.

Na ce uban yana daji da dabbobi, ni ce uwarta.

“Na gani, madan. Amma na uba ake nema.”

“Ni na haife ta,” na ce. “Ni nake kwana da ita, ni nake tashi da ita. Iyayena ne za su tafi da ita, wurin kakata.”

Ya ce bai musa ko ɗaya ba. Ya ce ko ya buga mini hatimi, in aka je iyaka aka ga babu hannun uba, maido su za a sake yi, kuma wannan karon da sunansa a ƙasan takardar. Ya ƙara da cewa ko ni da kaina ce zan fita da ita, gara in riƙe izinin uban. Na tsaya ina kallonsa. Na so in tambaye shi ina uban yake ranar da ƙyanda ta kwantar da ita, amma na san ba shi ya rubuta dokar ba, kuma mutane na bayana suna jira. Na naɗe takardata na fito.

Daga nan aka shiga neman maigida. Wanda bai san arewacin Damargu da damina ba zai ɗauka kiran salula kawai ne. Inda suke sauka babu rezo, waya ba ta shiga, kuma ba sa zama wuri ɗaya, duk inda ciyawa ta yi kyau da tafki nan suke nufa. Na kira lambarsa safe da yamma, kullum matar nan ta cikin waya ce take amsa mini. Na aika saƙo wurin wani mai shago a Tenhya da makiyaya ke kai wa wayoyi caji. Na ba direban da ke zuwa kasuwar can saƙo. Na bi matan da ke kawo cuku kasuwarmu ɗaya bayan ɗaya ina kwatanta musu garken. Wata ta ce ta gan su mako guda da ya wuce, wata ta ce ai sun yi yamma, wata kuma ta ce a'a, gabas. Kowace safiya Inna sai ta leƙo gidana, ba ta tambaya, sai dai ta zauna ta ɗauki tsintar wake ko wani aikin da ban sa ta ba, tana kallon wayar da ke hannuna.

A rana ta tara ya kira. Ya hau wani tudu ne, iska na kaɗawa, rabin maganarsa ba na ji. Da ya gane babu wanda ya mutu, kuma takarda ce ake nemansa dominta, sai ya yi dariya. Ya ce in gaya musu ya yarda, ai 'yar ta Inna ce, ko Makka za ta kai ta ba sai ta tambaye shi ba. Na ce masa ba a gaya wa ofis magana, rubutawa ake yi. Ya ce to in rubuta in sa masa hannu, wa zai sani. Kafin in ba shi amsa layin ya yanke. Na zauna da waya a hannu, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Bayan kwana uku wani direba ya kawo mini takarda a ninke cikin leda. Maigida ya sami wani malami a kasuwa ya rubuta masa da ajami cewa ya yarda, ya dangwala babban yatsa da tawada a ƙasa, har da shaidu biyu. Na san ba za ta karɓu ba, amma na sake bin motar kasuwa, don in ban je ba Inna za ta ce ban gwada ba. Dattijon mai tabarau ya juya takardar sama da ƙasa, ya yi murmushi, ya ce ai yatsa ba shi da suna. Sai mai yatsan ya zo da kansa, da katinsa na ɗan ƙasa, ya sa hannu a gabansa.

Horonmu ya fara a wannan makon. Da safe ina aji ana koya mana sababbin dabarun koyar da karatu, ni kuwa hankalina na kan yadda zan fito da mutum daga daji. Aka sake turo saƙo daga Daura, wannan karon ba muryar Kaka ba ce, ta matar kawuna ce, tana cewa tsohuwa ta rage cin abinci, kuma duk sallamar da ta ji sai ta tambaya ko mutanen Damargu ne. Inna ta saurara sau ɗaya, ba ta ce a maimaita ba. Ranar ce na yi wa mai shagon Tenhya saƙon da har yau nake jin kunyarsa. Na ce ya faɗa wa maigidana in shanu sun fi masa surukarsa, to ya zauna.

Ya zo. Kwana biyu ya yi a hanya, rabi a kan raƙumi, rabi a bayan wata mota mai ɗaukar gishiri. Ya shigo gida a rame, ya yi baƙi, ya yi wanka ya ci tuwo. Sannan ya ce saƙona ya iso, kuma a gaban mutane aka kunna shi. Na ba shi haƙuri da baki, zuciyata kuwa ba ta ga laifinta ba.

Washegari muka tafi tare. Abin dariya, ashe dattijon ya san shi. Suna haɗa ido suka gaisa da fara'a, wai a hannun maigida dattijon ya sayi ragon layya shekara biyu a jere. Na ce a raina yau dai an gama. Maigida ya ciro katinsa daga cikin wata tsohuwar jakar fata, ya miƙa. Dattijon ya ɗaga tabarau, ya matso da katin kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce katin ya mutu tun bara.

Maigida ya ce ai shi bai mutu ba, ga shi zaune. Ya ce hoton nasa ne, sunan nasa ne, kuma mai tambayar ma ya san shi.

“Na san ka, Alhaji,” in ji dattijon. “Takarda ce ba ta san ka ba.”

Maigidana ba Alhaji ba ne, kuma na ga kiran bai sanyaya masa rai ba. Muka fito. A bakin ofis ya juyo kaina, wai ni da nake karatu me ya hana in duba katin tun a gida. Na ce katin da yake yawo da shi a aljihu ta ina zan gan shi. Muka yi ta yi ƙasa-ƙasa har wurin mai hoto, aka zaunar da shi, aka ce ya cire rawani. Hoton da ya fito har yau yana kan katinsa, duk wanda ya gani sai ya tambaya wa ya ɓata masa rai.

Sabunta katin ya ci mako guda da kwana biyu. Ranar farko an ce sai da takardar haihuwarsa, wadda take cikin akwatin mahaifiyarsa a wani ƙauye kusa da Ollelewa. Da aka kawo ta, mai sa hannu ya yi tafiya. Da ya dawo, wuta ta ɗauke. Sai Juma'a ta shiga, sai Asabar da Lahadi. Maigida ya zauna a gida kamar wanda aka ɗaure, yana fita ƙofar gida yana kallon hadari ta arewa, yana lissafin saniyar da ya baro tana gab da haihuwa. Ba mu cika magana ba a kwanakin nan. Ɗiyata ce kaɗai ta ji daɗinsu, don ba ta taɓa samun ubanta da damina ba.

Ranar da katin ya fito ba mu ko tsaya shan ruwa ba muka wuce wurin dattijon. Ya ba mu tasu takardar bugaggiya, ya ce tawa ta hannu a ajiye ta. Ni na cike ta, tunda ni ce mai alƙalami. Akwai layi ɗaya da aka ce a sa sunan wanda zai raka yaro, na rubuta sunan Baba da lambar katinsa, don tasa fotokofin ce ta fara zuwa hannuna. Maigida ya dangwala yatsa, aka manna tambur, aka buga hatimi. Duka-duka abin bai kai tsawon sallar azahar ba. Ni ko layin da zan sa hannu babu. Daga tasha maigida ya hau motar arewa, ko gida bai koma ba.

Na kai wa Inna takardar da la'asar. Ta shafa hatimin da yatsa, ta yi hamdala. Baba na zaune a kan buzunsa, ya yi gyaran murya ya ce shi fa tafiyar ta wuce shi. Gero ya nuna, tsuntsaye sun fara sauka, in ya bar gonar yanzu to ya bar wa jan-baki abincin shekara. Inna ta tafi da yarinyar, ai ta san hanya ta fi shi. Na karɓi takardar na sake dubawa. Sunan Inna ba ya ko'ina a ciki. Kuma wannan karon babu wanda zan ɗora wa, da hannuna na rubuta.

Na yi musu bayani. Baba ya ce a ƙara sunan nata da biro. Na ce in aka taɓa ta ta lalace. Ya ce a sake wata. Na ce mai yatsan ya kai rabin hanyar Tenhya. Baba mutum ne mai haƙuri, tun tasowata ban taɓa jin ya zagi kowa ba, amma ranar ya ce da ya san haka karatun boko yake, da ya bar ni ina tallan nono. Inna ta tashi ta shiga ɗaka, muka ji tana jan ƙullin kayanta da ba ta kwance ba tun dawowarsu.

Baba ya kwana biyu yana cewa ba za shi ba. A rana ta uku da sassafe na same shi ya sa babbar rigarsa, yana yi wa maƙwabcinsa kwatancen inda za a fara yanka. Ya juyo ya ce mini gonar amana ce a hannuna, tunda ni na rubuta shi a takarda. Haka na ƙarasa hutuna. Ina fitowa daga horo sai in sauya zane in nufi gona, ina korar tsuntsaye da gwangwani, ina bin masu yanka ina ɗaure dammuna, aikin da rabona da shi tun ina budurwa. Hannuwana suka yi kanta, ƙaiƙayi ya hana ni sakat. Duk da haka tsuntsaye sun ci nasu rabon ta gefen gabas, kuma Baba bai bari na manta ba.

A iyaka, in ji shi, an karɓi takardar, an haɗa da katinsa, an tambayi yarinyar sunan ubanta da na garinsu, ta amsa. Aka ce su wuce. Inna ta so ta ga jami'in da ya maido su ta nuna masa hatimin, amma ba shi ne a wurin ba.

Wata guda aka shirya, kwana shida suka samu, don hutu ya ƙare ga kuma gona. Sun tarar da Kaka da rai, tana zaune a kan tabarma an jingina ta da bango. Da aka tura mata yarinyar sai ta kama kanta da hannu biyu, ta shafa goshi, ta shafa kunnuwa, ta bi kitson da na yi mata da yatsa layi-layi. Ta ce wa ya yi wannan, ai ba a ja shi ba. Ta sa aka kawo mata tsinke da man shanu, ta tsefe shi duka, ta shiga yi da kanta, ba ido, sai hannu. Yini biyu ta yi tana kitson nan, tana yi tana hutawa, yarinyar na zaune tsakanin ƙafafunta ba ta ko motsi. Inna ta ce a kwanakin tsohuwa har ƙarin kunu ta nema.

Ɗiyata ta dawo da kitso a karkace, wani layin ya hau kan wani, wani ya tsaya a rabin hanya. Ranar komawa lakwal na ɗauko tsinke zan gyara mata, ta dafe kai da hannu biyu ta ce a'a. Na ƙyale ta. Haka ta yi ta zuwa aji da shi har ya tsufa ya fara warwarewa da kansa.

Bayan an kai gero rumbu Inna ta zo gidana wata safiya, ta zauna a inda ta saba. Ta ce Kaka ta ba ta saƙo, wai in Allah ya kai mu baɗi a sake kawo mata yarinyar, kuma wannan karon a haɗa da ɗana, ƙanen yarinyar. Ta tambaye ni ko takardar nan za ta sake yi. Na ce a'a, ta tafiya ɗaya ce, kuma yaron nasa daban za a yi. Ta ce to sai in fara tun yanzu, tun maigida bai yi nisa ba. Na tashi na zuba gero a turmi na hau surfe.